Sabunta Ilimin Likita kan Cututtuka Masu Daɗewa: Matsayin Al'adar Majiyyaci a Ƙasar Hausa

Tsakure

Hawan jini da ciwon suga da sikila ba cututtuka ba ne da ake gama jinyarsu a gadon asibiti. Majiyyaci yakan ga likita na 'yan mintoci, sannan ya koma gida ya shafe watanni yana yanke wa kansa hukuncin shan magani ko barinsa, gwargwadon aljihunsa da fahimtarsa da abin da iyalinsa ko malaminsa suka faɗa masa. Wannan maƙala ta auna tsarin sabunta ilimin likitoci a Najeriya da wannan yanayi. Ta kawo misalai huɗu daga ƙasar Hausa: hawan jini da yadda ake fahimtar warkewa, ciwon suga da azumin Ramadan, ciwon zuciyar masu jego, da sikila. Hujjarta ita ce sanin al'adar majiyyaci ilimin asibiti ne kamar sanin magunguna: ana koyonsa, ana gwada shi da bincike, yana kuma tsufa in ba a sabunta shi ba. A ƙarshe an kawo shawarwari kan abin da za a koyar, da yadda za a koyar, da yadda za a gane ko koyarwar ta yi amfani.

1.0 Gabatarwa

Likitan da ya kammala karatu a Zariya ko Kano ko Sakkwato ko Maiduguri yana da shekaru talatin na aiki a gabansa, ko fiye. Kafin ya yi ritaya, magungunan da ya haddace za su sauya, wasu ƙa'idojin da ya ci jarrabawa da su kuma za a soke su. Saboda haka ne Hukumar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya, wato MDCN, ta sharɗanta wa likita ya tara maki 20 na ƙarin ilimi a shekara kafin a sabunta masa lasisin aiki. Ana samun makin ta halartar taruka da bitoci da laccocin da cibiyoyin da hukumar ta amince da su suke shiryawa.

Babu jayayya kan dacewar wannan sharaɗi. Abin tambaya shi ne: me ake koya a waɗannan zamammaki, kuma nawa ne daga ciki yake isa ga dattijon da ya zo daga ƙauye da kumburin ƙafa, ko matar da ta daina shan maganin hawan jini saboda ta ji sauƙi? Ba sabon bincike aka kawo a nan ba. An tattara sakamakon binciken da masana suka riga suka wallafa ne, aka dube shi ta fuskar ɗakin ganin likita a ƙasar Hausa.

2.0 Nauyin Cututtuka Masu Daɗewa

Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2022 ta nuna cututtukan da ba a ɗauka daga wani suna kashe kimanin mutum miliyan 41 a shekara, wato kashi 74 cikin ɗari na mace-macen duniya, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na wannan adadi a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita ne. A rahotonta na 2018, hukumar ta ƙiyasta cewa kashi 29 cikin ɗari na mace-mace a Najeriya daga irin waɗannan cututtuka ne. Nazarin da David Adeloye da abokan aikinsa suka wallafa a 2021 ya ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin manya uku a Najeriya yana da hawan jini. A cikin masu ciwon, waɗanda suka san suna da shi ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba, waɗanda jininsu ya daidaita da magani kuwa kimanin kashi 3 ne cikin ɗari. A ɓangaren sikila, ana haifar jarirai kusan 150,000 da ita a Najeriya duk shekara, kuma kusan ɗaya cikin mutum huɗu yana ɗauke da ƙwayar gadonta.

Wannan tazara tsakanin samun ciwo da daidaita shi ba rashin magani mai aiki ne ya jawo ta ba. Gwajin CREOLE, wanda Dike Ojji ya jagoranta aka wallafa a 2019, ya gwada haɗin magunguna kan majiyyata 728 a ƙasashen Afirka shida, ya kuma tabbatar da cewa haɗin da ke da amlodifin a ciki ya fi sauke jini. An san maganin, kuma yana cikin masu sauƙin kuɗi. Matsalar ita ce a sha shi yau da gobe da jibi, shekara da shekaru, a ƙasar da fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin neman lafiya daga aljihun jama'a yake fita. An gina asibitocinmu da horon likitocinmu ne kan ciwon da ake zuwa da shi, a yi magani, a sallami mutum: zazzaɓin cizon sauro, gudawa, haihuwa, karaya. Ciwon da ba a sallama yana buƙatar wata ƙwarewa dabam, kuma mafi yawanta a baki take.

3.0 Abin da Bincike Ya Nuna kan Sabunta Ilimi

An daɗe ana auna tasirin tarukan ƙarin ilimi. Nazarin da Dave Davis da abokansa suka wallafa a 1999 ya gano cewa lacca zalla, inda mutum ɗaya yake magana saura suna saurare, ba ta cika sauya yadda likita yake aiki ba. Bitar Cochrane ta 2009, wadda ta haɗa gwaje-gwaje 81, ta sami ci gaban da matsakaicinsa kusan kashi 6 ne cikin ɗari wajen bin ƙa'idar aiki, kuma tarukan da suka haɗa lacca da tattaunawa da gwaji a aikace su ne suka fi tasiri. A 2009 ɗin dai, Donald Moore da abokansa suka tsara matakai bakwai na auna sakamakon irin wannan ilimi. Mataki na farko shi ne halarta, na ƙarshe kuwa lafiyar al'umma. Takardar shaidar halarta da ake rabawa a ƙarshen taro, wadda da ita ake ƙirga maki, matakin farko kaɗai take aunawa.

Batun al'ada ma yana da tarihinsa a wannan fage. A 1978 Arthur Kleinman da abokansa suka nuna cewa kowane majiyyaci yana zuwa da nasa bayanin ciwo, kuma likita zai iya gano shi da 'yan tambayoyi: me kake kiran wannan ciwo, me kake jin ya jawo shi, me ya fi ba ka tsoro game da shi, wane irin magani kake sa ran samu. A 1998 Melanie Tervalon da Jann Murray-García suka yi gargaɗi cewa ba a gama sanin al'adar mutane kamar yadda ake gama kwas. Abin nema shi ne tawali'u da ci gaba da tambaya. A Amurka, jihohin New Jersey da Kalifoniya sun yi dokoki a 2005 da suka shigar da sanin al'ada da harshen majiyyaci cikin ƙarin ilimin likitoci.

Sai dai yanayinsu da namu ba ɗaya ba ne. A can, galibi ana maganar likita ne da baƙon da ya zo daga wata ƙasa. A nan, sau da yawa likita da majiyyaci unguwarsu ɗaya, masallacinsu ɗaya, wannan kuwa yakan sa likitan ya ɗauka babu abin da zai koya. Amma shekarun karatu da Ingilishi, ko da Faransanci ga takwaransa na Yamai da Maraɗi da Damagaram, sun koya masa tunanin ciwo da kalmomin da mahaifiyarsa ba ta amfani da su. Ga kuma likitoci masu yi wa ƙasa hidima da ake turowa daga wasu jihohi, waɗanda wasunsu ko gaisuwa ba su iya ba ranar da suka fara duba marasa lafiya.

4.0 Misalai Huɗu daga Ƙasar Hausa

4.1 Hawan Jini da Fahimtar Warkewa

A fahimtar mutane da yawa, magani abin da ke raba mutum da ciwo ne. In an sha an ji sauƙi, an warke. In an daɗe ana sha ciwon bai tafi ba, to ba maganinsa ba ne, sai a nemi wani. Hawan jini ya saɓa wa duka biyun: yawanci ba ya nuna alama, kuma ba ya tafiya. Mutumin da ya danganta shi da ciwon kai ko yawan tunani zai sha ƙwaya ranar da kansa ya sara, ya ajiye ta ranar da ya ji garau. Ba taurin kai ba ne; hukunci ne da ya dace da abin da ya fahimta. Likitan da ya rubuta "ba ya bin ƙa'ida" a kati bai gano komai ba tukuna.

Murray Last, wanda ya yi bincike a yankin Malumfashi, ya nuna a 1981 cewa marasa lafiya ba su riƙe da wani tsari guda na bayanin ciwo, suna gwada hanyoyi ne iri-iri har a dace. Littafin Lewis Wall na 1988 kan magungunan Hausawa ya ƙara fito da wannan. Majiyyacin da ke gaban likita mai yiwuwa ya biya ta kemis, ya sha jiƙo, an yi masa ƙaho, yana kuma shan rubutu, kuma bai ga wani saɓani a ciki ba. In aka tambaye shi da sigar tuhuma, "Ba ka dai sha na gargajiya ba ko?", zai ce bai sha ba. In aka ce, "Baba, kafin ka zo nan me da me aka gwada?", zai lissafo. Amsar tana da amfani ga jinya kai tsaye. Addu'a da tofi ba sa karo da amlodifin, don haka babu dalilin yaƙarsu. Amma magungunan ciwon gaɓoɓi da ake saya a kemis a sha kullum suna ɗaga jini suna kuma cutar da ƙoda, haɗe-haɗen da ba a san abin da ke cikinsu ba kuma abin tsoro ne ga mai raunin ƙoda. Aikin likita shi ne rarrabewa tsakanin abin da za a bari, da abin da za a sa wa ido, da abin da za a hana.

Akwai kuma abin da kunya take ɓoyewa. Wasu magungunan hawan jini suna rage wa namiji kuzari, magidanci kuwa ba zai faɗi haka a gaban ɗansa da ya rako shi ba, balle a gaban likita mace sa'ar 'yarsa. Zai daina sha ne kawai, wataƙila ya koma ga maganin ƙarfin maza na kasuwa. Likitan da aka koya wa ya sallami ɗan rakiya na minti biyu, ya buɗe zancen da kansa cikin sakaya, zai iya sauya maganin ya riƙe majiyyacinsa.

Haka batun gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a rana. Amma gaya wa maigida ya rage gishiri bai wadatar ba, tunda ba shi ke girki ba, kuma tukunya ɗaya ake yi wa gida duka. Da uwargida za a yi maganar, a ambaci dunƙulen miya da kanwa da sunansu, domin mai girki ba lallai ta lissafa su cikin gishiri ba.

4.2 Ciwon Suga da Azumi

Nazarin EPIDIAR, wanda aka yi a ƙasashe 13 aka wallafa a 2004, ya nuna kashi 79 cikin ɗari na masu ciwon suga nau'i na biyu, da kashi 43 na masu nau'i na ɗaya, sun yi azumin aƙalla kwana 15 a Ramadan. Faɗuwar suga mai tsanani ta ninka kusan sau bakwai da rabi ga masu nau'i na biyu a cikin watan. Darasin a fili yake: ko likita ya yarda ko bai yarda ba, yawancin majiyyatansa za su yi azumi. In ya ce "kada ka yi" ya tsaya nan, za su yi a ɓoye, su kuma sauya lokutan magani da ka.

Ilimin da ake buƙata yana nan a rubuce. Jagorar da Tarayyar Ƙungiyoyin Ciwon Suga ta Duniya ta fitar tare da ƙawancen masana kan suga da Ramadan a 2016, aka sabunta a 2021, ta ce a duba majiyyaci mako shida zuwa takwas kafin azumi, a auna girman haɗarinsa. Mai shan metfomin sau uku zai sha na safe da sahur, ya haɗa na rana da na dare a buɗa-baki. Gilibenkilamid, wanda ya yawaita a kemis saboda araha, yana cikin masu saurin kayar da suga, don haka an fi son a maye gurbinsa da irin su gilikilazid. Allurar insulin mai dogon aiki ana rage ta da kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari. Wajibi ne a karya azumi in suga ya sauka ƙasa da miligiram 70, ko ya haura 300, ko alamun faɗuwarsa suka bayyana. Mai shan maganin da ke sa fitsari kuma sai an kula da shi sosai in azumi ya faɗo a bazara, lokacin da zafi yake wuce digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri.

Rabin wannan ilimi na fiƙihu ne. Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, ya yi wa marar lafiya rangwame. Taron malamai da likitoci da aka yi a Kasablanka a 1997 ya bayyana cewa allurar fata ko ta tsoka wadda ba ta abinci ba ba ta karya azumi, a 2009 kuma Majalisar Fiƙihu ta Ƙasa da Ƙasa ta kasa masu ciwon suga gida huɗu gwargwadon haɗarin da azumi yake da shi a kansu. Huda yatsa don auna suga ma ba ya karya azumi, amma majiyyata da dama suna gudunsa da rana. Ba a ce likita ya zama mai fatawa ba. Abin da ake so shi ne ya san waɗannan matsayai, ya iya cewa, "Malam, ga abin da na gani a jikinka, ka kai wa malaminka wannan bayani," ya kuma san cewa dattijon da ya fara azumi tun yana yaro ba ƙaramin abu ba ne a gare shi a gan shi yana cin abinci da rana.

Shawarar abinci ma tana buƙatar gyara. Ya zama ruwan dare a ce mai suga ba shi da abinci sai wake da acca da tuwon alkama, har mutum ya gaji ya watsar da dokar gaba ɗaya. Tuwon alkama ma sitaci ne. Abin da ya fi amfani shi ne a yi magana kan yawan abin da ake ci: malmala nawa, ludayin kunu nawa, dabino nawa a buɗa-baki, sukari nawa a fura da zoɓo. Zuma tana da daraja a addini da al'ada, amma tana ɗaga suga, kuma ana iya faɗin haka ba tare da an taɓa darajarta ba.

4.3 Ciwon Zuciyar Masu Jego

Wannan misali ya fi kowanne nuna dalilin da ya sa sanin al'ada yake buƙatar sabuntawa. A shekarun 1970, Davidson da Parry sun bayyana yawan gazawar zuciya ga matan da suka haihu a Zariya, kusan haihuwa ɗaya cikin ɗari, suka kuma danganta shi da wankan jego da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi da shan kunun kanwa. Bayanin ya shiga littattafai, ɗalibai suka yi ta haddace shi shekaru da dama.

Daga baya Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa suka sake duba lamarin. Rajistar PEACE, wadda ta tattara majiyyata daga asibitoci a sassan Najeriya aka wallafa sakamakonta a 2020, ta tabbatar da cewa ciwon ya fi yawa a Arewa maso Yamma, amma ba ta sami alaƙa tsakaninsa da wankan jego ko kunun kanwa ba. Abubuwan da suka fito su ne rama, da rashin karatun boko, da rashin aikin yi, da hawan jinin goyon ciki. Wani bincikensu kuma ya nuna ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin masu ciwon. Ke nan abin da aka daɗe ana ɗora wa al'ada, talauci da rashin abinci mai gina jiki suna da babban kaso a ciki.

Wannan bai wanke kanwa ga kowa ba. Matar da zuciyarta ta riga ta gaza, ko mai hawan jini, ba ta da buƙatar ƙarin gishirin da ke cikinta. Amma akwai bambanci tsakanin likitan da zai ce wa kakar jariri, "Ku kuka jawo mata," da wanda zai ce, "Hajiya, ita wannan saboda zuciyarta a ɗaga mata kunun kanwa, a ƙara mata abinci mai kyau." Na farko ya yi amfani da ilimin da ya tsufa, ya kuma rasa matar da za ta tabbatar an sha magani a gida.

4.4 Sikila

A 2024 Jihar Kano ta yi dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da gwajin rukunin jini na gado. Doka ta kawo mutane ɗakin gwaji, amma bayanin sakamako aikin ma'aikacin lafiya ne. In namiji da mace duka AS ne, wato masu ɗauke da ƙwayar gadon sikila, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato mai sikila. Da yawa sukan ji wannan a matsayin "ɗa ɗaya cikin huɗu", su ɗauka in an sami ɗaya saura sun tsira. Haka kuma akan ɗora wa uwa laifi, alhali daga iyaye biyu ake gado. Yadda za a faɗi wannan ga mutanen da an riga an sa musu rana, wataƙila kuma auren zumunci ne da iyaye suka ƙulla, ƙwarewa ce da ake koya ta gwaji.

A ɓangaren jinya, binciken da aka yi a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da wasu asibitocin Kano da Kaduna, tare da masana daga Jami'ar Vanderbilt, ya nuna ana iya gano yaran da ke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki ta hoton jijiyoyin ƙwaƙwalwa, a kuma kare su da haidiroksiyuriya inda ƙarin jini na wata-wata ba zai yiwu ba. Ilimi ne da aka samar a gida, kuma ya kamata ya isa ga likitan babban asibitin ƙaramar hukuma, tare da yadda zai shawo kan iyaye su riƙa ba yaron da ke wasansa lafiya magani kullum.

5.0 Harshe, Iyali da Amana

Bahaushe in an tambaye shi jiki, "da sauƙi" zai ce ko da yana kwance. Ladabi ne da godiya ga Allah, ba rahoton jinya ba. Likita yana buƙatar tambaya ta biyu: "Jiya ka iya zuwa masallaci da ƙafa? Matashi nawa kike sawa kafin ki iya barci?" Inda aka yi amfani da ɗan rakiya a matsayin tafinta, ana samun tacewa: miji ya amsa a madadin matarsa, ɗa ya sassauta labari don kada hankalin uwa ya tashi. Shigar iyali ƙarfi ne, domin su ke biyan kuɗi su ke jinya, amma haƙƙin majiyyaci na sanin ciwonsa da riƙe sirrinsa bai faɗi ba. Sai a tambaye shi tun farko wa yake so a yi maganar a gabansa.

Amana kuma tana da tarihi. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi kan yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996, da ƙauracewa rigakafin shan-inna a 2003 zuwa 2004, suna cikin abin da jama'a ke tunawa. Wanda ya yi tambaya kan maganin da aka ce zai sha har ƙarshen rayuwarsa ba jahilci ya nuna ba.

Ana iya cewa likitan da layi ya cika masa ƙofa ba shi da lokacin wannan duka. Gaskiya ne lokaci ya yi kaɗan. Amma tambaya biyu ba ta kai minti biyu ba, kuma majiyyacin da ya dawo da shanyewar ɓarin jiki ko ya kai ga wankin ƙoda ya fi cin lokaci da dukiya. Ana iya kuma jin tsoron kada darasin al'ada ya zama jerin "Bahaushe kaza yake, Bafulatani kaza yake". Wannan tsoro yana da tushe. Malamar jami'a a Kano da manomi a ƙauyen Gumel ba tunaninsu ɗaya ba, kuma ba kowane mai jin Hausa ne Musulmi ba. Abin koyarwa shi ne yadda ake tambaya, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

6.0 Shawarwari

Na ɗaya, MDCN ta keɓe wani kaso na maki 20 ga cututtuka masu daɗewa, kuma sadarwa da majiyyaci ta zama cikin darasin kowace cuta, ba lacca ta dabam da ake yi bayan an ci abinci ba.

Na biyu, a sauya sigar zama. Ƙananan rukunoni, katunan majiyyata na gaske da aka cire sunayensu, da kwaikwayon ganin likita da Hausa, inda abokan aiki za su saurara su yi gyara. Likitocin da aka turo daga wasu yankuna a ba su horon harshe na asibiti kafin su fara aiki.

Na uku, a bi kalandar jama'a. Bitar suga da azumi kafin watan Rajab ya kamata a yi ta, domin a sami Rajab a duba majiyyata. Haka kafin tafiya aikin Hajji.

Na huɗu, a faɗaɗa masu koyarwa da masu koyo. Majiyyatan da suka daɗe da ciwo, da malaman fiƙihu, da masana Hausa na jami'o'i waɗanda za su taimaka a daidaita kalmomi, duk suna da abin bayarwa. Shirin daƙile hawan jini na ƙasa da aka fara a Kano da Ogun a 2020 ya dogara ne da ma'aikatan ƙananan asibitoci, don haka a horar da likita tare da nas da mai ba da magani da jami'in lafiyar al'umma, bakinsu ya zo ɗaya.

Na biyar, a kai ilimin inda likita yake. Tsarin ECHO da Sanjeev Arora ya fara a Jami'ar New Mexico a 2003, inda ƙwararru ke tattauna majiyyata da likitocin karkara ta bidiyo a kai a kai, ya dace da likitan da shi kaɗai ne a asibitinsa, ba zai iya rufe shi ya tafi taro a birni ba.

Na shida, a auna sakamako da rajistar asibiti: kashi nawa na masu hawan jini suka sauka ƙasa da 140 bisa 90, nawa suka dawo ranar da aka ba su, masu suga nawa aka duba kafin azumi. Inda kamfanin magani ya ɗauki nauyin taro, a bayyana haka, kuma kada shi ya zaɓi abin da za a koyar.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa jinyar ciwo mai daɗewa a gida ake yin mafi yawanta, kuma abin da ke faruwa a gidan ya rataya ne ga fahimtar majiyyaci da addininsa da tukunyarsa da aljihunsa. Misalin azumi ya nuna akwai ingantacciyar jagora da ya kamata ta isa ga kowane likita. Misalin masu jego ya nuna abin da likita ya sani game da al'ada ma yana iya zama kuskuren da bincike zai gyara. Saboda haka bai dace a bar wannan fanni ga halin kirkin likita ko ga tsammanin cewa ɗan gari ya san garinsu ba. A sa shi cikin manhaja, a ba shi maki, a koyar da shi da harshen da ake ganin majiyyaci da shi, sannan a riƙa duba rajistar asibiti duk shekara don a ga ko adadin waɗanda jininsu da sugansu suka daidaita ya ƙaru.